Babur Mai Hayaƙi Da Ya Rage Gudu: Daga Ina Za A Fara Bincike?

MINNA. A kan hanyar da ta tashi daga Minna ta nufi Zungeru, a garin Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso inda filin jirgin saman Minna yake, har yanzu akan ci karo da ƙananan babura masu hayaƙi, waɗanda makanikai ke kira tu-sitirok, ɗauke da doya ko buhun masara daga ƙauyukan da ke kewaye. Irin su ne Suzuki A100 da Yamaha YB100, da kuma Jincheng AX100 na ƙasar Sin wanda ya biyo bayansu da araha. Sun sami karɓuwa ne bayan Shirin Gyaran Tattalin Arziki na 1986, sa'ad da mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sana'ar kabu-kabu kuma ta bunƙasa. Daga baya Bajaj Boxer da ire-irensa marasa hayaƙi suka karɓe kasuwar, amma tsofaffin ba su ƙare ba, kuma ga mai su jari ne.

Kukan da aka fi ji daga masu irin wannan babur shi ne: yana tashi lafiya, yana tafiya cikin gari, amma da an hau doguwar hanya an murɗe totur, sai ya ƙi kai gudun da aka san shi da shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wanda ya sayi babur ya bayar haya yana jiran balas. Injin da ya rasa ƙarfi yakan ƙara shan mai, fetur kuwa tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ninka kuɗinsa fiye da sau uku. Asara ta biyu ita ce garajen da ake yi a sauke inji a sayi fistin da ringi, alhali sau da yawa cutar ba a can take ba.

Matakin farko ba ya cin ko kwabo. A saurari injin a giyar ƙarshe. Idan ƙararsa na hawa sosai amma babur ba ya ƙara sauri, to injin lafiyarsa lau, ƙarfin ne ba ya isa ga taya, kuma galibi kuloci ne ke zamewa, ko don faifansa ya cinye ko don an ɗaure wayarsa fiye da kima. Idan kuwa ƙarar ce kanta ta ƙi hawa, sai a fara tura babur da hannu a ji ko birki na riƙewa, a duba iskar taya da sarƙar da ta bushe ko ta yi tauri. Akwai kuma masu dakon kaya da kan sa babban faifan haƙora a tayar baya domin babur ya ja nauyi, sa'an nan su manta cewa da gudu suka biya wannan ƙarfin.

Daga nan sai a koma ga numfashin injin, kuma a nan ne maganar take. Injin tu-sitirok ba shi da irin bawul ɗin da injin babur marar hayaƙi ke da shi. Ta ramukan da ke jikin silinda mai ke shiga hayaƙi ya fita, kuma yana ƙona man shafawa tare da fetur a kowane zagaye. Abin da ƙunar ta bari yakan taru ya daskare a bakin ramin fitar hayaƙi da cikin salansa, har kunkunniyar ta rage faɗin hanya. A ƙaramin gudu ba a jin komai, domin hayaƙin kaɗan ne. A babban gudu kuwa tsohon hayaƙi ba ya samun fita kafin sabon mai ya shigo, sai injin ya shaƙe. Abin da ke gaggauta wannan shi ne tsimin da ba tsimi ba: zuba baƙin man mota a madadin man 2T da aka yi domin ya ƙone, ko zuba man da ka ba tare da awo ba. Inda kamfani ya ce kashi 2 cikin 100, ma'anarsa mililita 20 ne a kowace lita, ba abin da ido ya ga dama ba. Maganin kuwa aikin yini guda bai kai ba: a kwance salansa a ƙona ta ko a wanke, a kankare ramin a hankali yadda dattin ba zai faɗa cikin silinda ba.

Ɓangaren shigar iska ma haka yake. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye kan toshe soson tace iska, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, babur ya riƙa shessheka yana tuƙa hayaƙi. Cikin kafireto kuma akwai babban jet, wanda shi ne ke ba da mai idan an buɗe totur gaba ɗaya. Ƙwayar tsatsa daga tanki ko ruwan da ke cikin man bumburutu ta isa ta rage masa baki. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022 ba, wanda ya lalata injuna da dama. Fulogi shi ne shaida mafi araha a kan duk wannan: idan bakinsa ya yi baƙi ya jiƙe, mai ya yi yawa, ruwan ƙasa-ƙasa alamar daidai ce, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan.

Farin fulogi ya fi baƙi haɗari, ko da yake mutane sun fi tsoron hayaƙi. A irin wannan inji, ƙarancin mai na zuwa da zafi mai tsanani, kuma idan gauraya ake yi a tanki, ƙarancin shafawa ne ma. Iska kan sato hanya ta robar wuyan kafireto da ta tsage ko ta silin karanshaf da ya mutu, kuma alamarta ita ce injin ya daɗe yana ƙara bayan an saki totur. Wanda ya ci gaba da matsa wa babur a wannan hali, fistin zai kama silinda, gyaran ƙananan kuɗi ya zama na manya. Wasu makanikai ma da gangan suke rage jet don mai babur ya ga sauƙin shan mai, dabarar da ribarta ba ta kai kuɗin fistin ɗaya ba.

Sai an gama da waɗannan duka ne ya dace a zargi ringi da fistin. Alamarsu a fili take: kik yana sauka ba tauri, babur na wuyar tashi da safe, kuma ƙarfinsa ya ragu a kowace giya, ba a ta ƙarshe kaɗai ba. A nan ma mai jari ya kamata ya nemi a auna matsin silinda a gabansa kafin ya amince a sauke inji, ya kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire ya gani da idonsa.