Tsarin Dogon Zango a Manyan Makarantu: Darasin Suratu Yusuf ga Yankin Aliero da Jega

Tsarin dogon zango shi ne makaranta ta tantance matsayin da take ciki, ta ƙayyade inda take son kaiwa cikin shekaru biyar ko goma, sannan ta ware dukiya da ma'aikatan da za su kai ta can. Wannan bai saɓa wa tawakkali ba. Suratu Yusuf ta bayyana yadda Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa Masar shekaru bakwai na noma da tanadi domin fuskantar shekaru bakwai na fari, har ya fayyace cewa a bar hatsi cikin zangarniyarsa. Tsarinsa ya tattara abubuwa uku: hangen abin da ke tafe, ƙayyade lokaci, da damƙa aiki ga mai ilimi da amana.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, tana zaune ne a ƙasar albasa. Manomin yankin yakan karyar da amfaninsa lokacin cira saboda tsoron ruɓewa. Ingantaccen tsari daga nan zai faro: ya sanya binciken adana albasa cikin manufofin jami'a, ya ambaci sashen da zai yi, da wa'adi, da kuɗin aikin. Haka kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, ya dace ta auna yawan ɗalibanta da buƙatun asibitocin karkara na Jega da Maiyama.

Illar da ta fi kashe tsari ita ce a rubuta kundinsa domin gamsar da hukumar NUC ko samun tallafin TETFund kawai, sannan a jingine shi, sabon shugaba kuma ya zo da nasa. Maganinta shi ne a gina kundin bisa shawara da malamai da ɗalibai da jama'ar gari, a ɗaure kasafin kowace shekara da shi, kuma majalisar gudanarwa ta riƙa bin diddiginsa.

Dukiyar makaranta da shekarun ɗalibai amana ce da za a tambayi shugabanni a kanta. Kyautata tsari wani ɓangare ne na sauke ta. Allah ne Mafi sani.