Alfadari da Shibra: Shaidu Biyu Kan Yadda Jinsi Ke Rabuwa

Masana kimiyyar halittu suna cewa sabon jinsi yana samuwa ne idan zuri'a ɗaya ta rabu biyu, kowane ɓangare ya daɗe yana sauyawa shi kaɗai, har ta kai ba sa iya haihuwa da juna. Charles Darwin ya shimfiɗa wannan bayani a littafinsa na 1859, kuma manomin Dutsin-Ma ko Kurfi yana da shaidu biyu da zai auna maganar da su. Ɗaya alfadari, ɗan jaki da goɗiya. Ɗayan kuma shibra, wadda ke fitowa cikin gero tana kama da shi, alhali ba ta cika gero ba. Dukansu ruwa biyu ne, sai dai labarinsu ya sha bamban.

Mu fara da tsawon rabuwar iyayensu. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna kakannin doki da na jaki sun raba hanya kimanin shekara miliyan 4 da suka wuce. Gero kuwa ɗan jiya ne: tsofaffin ƙwayoyinsa da aka tono a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali ba su wuce kimanin shekara 4,500 ba, kuma ciyawar dajin da aka samo shi daga gare ta tana nan tana tsiro a bakin hamada har yau.

Sai abin da ya raba su. Doki da jaki nisan ƙasa ne ya shiga tsakaninsu. Zuri'ar doki ta zauna a filayen ciyawa masu sanyi na Asiya da Turai, ta jaki ta saba da duwatsu da ƙishirwar arewa maso gabashin Afirka, kowace ƙasa ta tace wanda ya dace da ita. Gero da ɗan uwansa na daji ba teku ko dutse tsakaninsu, hannun manomi ne ya raba su. Duk kaka sai ya ware zangarniya mai kauri wadda ba ta zubar da tsaba, ya ajiye ta iri, daji kuma yana fifita wadda ke watsa 'ya'yanta ƙasa da wuri.

Babban bambancin yana wajen haihuwa. Doki yana da kuromosom 64, wato ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, jaki yana da 62, alfadari ya tashi da 63. Wannan adadi ba ya rabuwa daidai, kuma ƙunshin uwa da na uba ba sa dacewa, shi ya sa alfadari duk ƙarfinsa da juriyarsa kusan ba ya haihuwa. Gero da na daji kuwa kowanne 14 gare shi. Iska na kwashe bununin wannan ta kai wa wancan, a sami shibra, ita ma ta yi tsaba mai tsiro, ta sake gauraya da geron gona a damina mai zuwa.

Haka kuma nauyin da suke ɗora wa mutum ba ɗaya ba ne. Mai doki ba ya fargabar dokin hawan sallarsa zai rikiɗe ya koma jakin kai taki gona, domin katangar da ke tsakaninsu ta riga ta ginu. Mai gero kuwa kullum yana gadin tasa katangar. Shibra tana sajewa da gero tun suna ƙanana, ba a cika gane ta lokacin noma ba sai ta fitar da siririn kanta mai zubar da tsaba. Wanda ya yi sakaci wajen zaɓen iri, shekaru kaɗan zai ga ta yawaita a gonarsa.

To, wanne ya fi koyarwa? Alfadari ya fi fayyace ma'anar jinsi, don yana nuna iyakar da ba ta ƙetaruwa, amma bai nuna yadda aka iso can ba, tunda abin ya faru tun babu mai gani. Shibra ba ta da wannan tsabtar hujja, iyakarta a cakuɗe take, amma tana nuna aikin yana gudana: zaɓe yana raba zuri'a, gauraya tana mayar da ita, kuma sabon jinsi ba ya tabbata sai rabuwar ta rinjayi gaurayar na dogon zamani.

A ganina shibra ta fi cancantar a fara da ita. Malaman kimiyya na sakandare a Kurfi da ɗaliban aikin gona na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suna da wannan darasi a bayan gari. Su kai yara gona lokacin kaka, su ɗora zangarniyar gero kusa da ta shibra, sannan su kawo zancen alfadari don a ga inda irin wannan rabuwa take ƙarewa.