Abin da na'urar filin jirgi ba ta gani

Ranar 25 ga Disamban 2009, jirgin kamfanin Northwest mai lamba 253 yana gab da sauka a birnin Detroit na Amurka, ɗauke da mutum kusan 290, sai wuta ta tashi a jikin wani fasinja. Umar Farouk Abdulmutallab ne, ɗan Najeriya mai shekara 23, yana ƙoƙarin tayar da kimanin giram 80 na sinadarin PETN da aka ɗinke masa a cikin ɗan kamfai. Allah ya taƙaita, bam ɗin bai tashi ba, shi kaɗai ya ƙone sosai, fasinjoji da ma'aikatan jirgin suka danne shi.

Kafin nan an bincike shi a Legas, an sake bincikensa a filin jirgin Schiphol na Amsterdam, kuma duk ya wuce salin-alin. Na'urorin ba su lalace ba. Aikin da aka ƙera su dominsa suka yi, abin da ya ɗauko ne ba ya cikin aikin nasu.

Ƙofar nan da fasinja ke ratsawa ƙarfe kawai take ji. Tana sakin ƙarfin maganaɗisu ne, idan ya ci karo da wuƙa ko bindiga ko makulli sai ya sauya, ita kuma ta yi kuka. PETN gari ne, babu ƙarfe a cikinsa, don haka ƙofar ba ta san da zamansa ba. Na'urar da ke haska jaka kuwa launi take ba kaya gwargwadon abin da aka yi su da shi: ƙarfe ya fito shuɗi, abin da asalinsa tsiro ne ko dabba ko roba ya fito ruwan lemo. Matsalar ita ce yawancin abubuwan fashewa a wannan rukuni na biyu suke, tare da sabulu da kilishi da takarda. Na'urar da za ta iya nuna abin da aka ɓoye ƙarƙashin tufafi ita ce mai haska jiki, wadda igiyoyinta ke ratsa yadi su dawo daga fata. Schiphol na da irinta a lokacin, amma ba a amfani da ita ga masu tafiya Amurka.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin ba na'ura ba ce. Makonni biyar kafin harin, mahaifin yaron, Alhaji Umaru Mutallab, tsohon shugaban bankin First Bank, ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce ɗansa ya shiga hannun masu tsattsauran ra'ayi, kuma yana zaton yana Yemen. Ba ƙaramin abu ba ne uba ya kai ƙarar ɗan cikinsa wurin baƙi. An sa sunan a wani kundi mai ɗauke da sunaye fiye da 500,000, amma ba a sa shi cikin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, ba a kuma soke bizarsa ba. Birtaniya ta riga ta hana shi biza a watan Mayun shekarar. An sayi tikitinsa a Accra da tsabar kuɗi. Kowane ofishi na riƙe da guntun labari, ba wanda ya haɗa su, shi kuwa jami'in da ke tsaye bakin ƙofa ba a gaya masa komai ba.

Duk ƙa'idar da ke gallabar matafiyi a yau tana da irin wannan asali. Cire takalmi ya biyo bayan Richard Reid, wanda ya hau jirgin Paris zuwa Miami da bam a takalminsa a Disamban 2001. Hana ruwa ko turare da ya wuce mililita 100 ya samo asali daga makircin da aka bankaɗo a Ingila a 2006. Kullum sai ɓarawo ya shiga ake gano inda katanga ta tsage.

Ko abin da na'ura ke iya nunawa ma, sai idon mutum ya gan shi. A 2015 masu binciken ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka sun yi shigar fasinjoji, suka ɗauki makamai da bama-baman bogi, suka gwada shingayen TSA, hukumar da ke binciken fasinjoji a filayen jiragen saman ƙasar, sau 70. Sau 67 sun wuce. An sauya wa muƙaddashin shugaban hukumar wurin aiki, amma dalilin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wani bincike da Jeremy Wolfe da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2005 ya nuna cewa idan abin da ake nema yana cikin rabin hotunan da aka nuna wa mutane, kashi 7 cikin 100 kawai suke kuskurewa. Idan kuwa sau ɗaya yake fitowa a hoto 100, kuskuren na kaiwa kashi 30. Ƙwaƙwalwar da ta ga jaka dubu babu komai a ciki takan saba da cewa "babu", har ranar da akwai. Wannan ba lalaci ba ne, haka aka halicci ɗan Adam. Shi ya sa ake sa kwamfutar na'urar ta riƙa jefa hoton bindiga ko wuƙa na ƙarya cikin jakar fasinja jifa-jifa don jami'i ya kasance a farke, kuma dokar Tarayyar Turai ta gindaya cewa a sauya shi bayan minti 20 yana kallon allo. Jami'in da aka bari awa uku a kujera ɗaya, ga layi ya yi tsawo, ga masu tsawa jirgi zai bar su, bai kamata a ɗora masa laifi shi kaɗai ba.

A nan ne nake ganin namu sakacin. Mukan ɗauki bincike a matsayin raini. Babban mutum ya zo da 'yan rakiya a buɗe masa gefe, wani ya ce "ka san ko ni wane ne?", wani ya miƙa na goro don kada a buɗe jakarsa, wani kuma ya karɓi saƙon wanda bai sani ba don kunyar cewa a'a. Duk hanyar da aka buɗe wa mai alfarma, mai mugun nufi ma ya gan ta.

Mogadishu ta ga haka ranar 2 ga Fabrairun 2016. Bam da aka ɓoye a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ya huda gefen jirgin kamfanin Daallo jim kaɗan bayan tashinsa, maharin ya faɗo ta ramin ya mutu, matuƙin ya samu ya dawo da sauran mutanen ƙasa. Kyamarorin filin jirgin sun nuna wasu mutum biyu suna miƙa masa kwamfutar bayan ya wuce wurin bincike. Daga baya kotun soja ta ɗaure mutum 10, cikinsu har da ma'aikatan filin jirgin.