Ɗakin Gumagumai: Asalinsa da Ƙa'idojin Gininsa

Abin da ake nufi da ɗakin gumagumai shi ne ɗakin da aka yi bangonsa da gumaguman itace, a kwance, wani bisa wani, aka sarƙe bakunansu a kusurwa huɗu ba tare da ƙusa ba. Ya bambanta da kafi, inda ake tsai da itatuwa a cikin ƙasa. Nauyin gumaguman da kuma sarƙewar kusurwa su ne ke riƙe da ginin duka. Saboda haka ɗaki ɗaya yana iya shekara ɗari biyu yana tsaye, wani kuwa ya ruɓe kafin shekara ashirin, alhali da irin itace guda aka yi su. Bambancin yana ga yadda magini ya bi da abu uku: ruwa, ƙanƙancewar itace, da dutse.

Asali

Wannan gini na mutanen ƙasashen sanyi ne masu dazuzzukan dogayen itatuwa miƙaƙƙu, watau Suwidin, Norwe, Finlan, Rasha da duwatsun tsakiyar Turai. A tsibirin Kizhi na ƙasar Rasha akwai majami'ar gumagumai mai ƙubba 22 wadda aka gina a 1714.

Mutane da yawa suna zaton Ingilishin da suka fara sauka Amurka, a Jamestown cikin 1607 da Plymouth cikin 1620, su ne suka soma irin wannan ɗaki a can. Ba haka ba ne. Su ginin da suka saba da shi a gida suka yi, na ginshiƙai da yaɓe ko katako. Harold Shurtleff ya warware wannan zato a littafinsa na 1939. Abin da masana suka fi amincewa da shi shi ne, mutanen Suwidin da Finlan waɗanda suka kafa zama a bakin kogin Delaware a 1638 su ne suka kai sana'ar. Daga baya Jamusawa suka zo da irin tasu, sa'an nan baƙin da suka fito daga arewacin Ailan suka koya, suka bazu da ita cikin duwatsun Afalaciya a ƙarni na 18. Dalilin karɓuwarta a fili yake: mutum mai gatari ɗaya, da taimakon maƙwabta, yana iya tai da ɗaki cikin 'yan kwanaki, da itacen da dole ne dā ma ya sare kafin ya yi gona. Har ɗakin ya zama alamar talakan da ya tashi da ƙarfin kansa. William Henry Harrison ya yi yaƙin neman zaɓen 1840 da wannan alama, Abraham Lincoln kuwa a cikin irin wannan ɗaki aka haife shi a jihar Kentaki cikin 1809.

Harsashi

Babban abokin gāban itace shi ne danshi. Ruɓa ba ta kama shi sai ruwan da ke cikinsa ya haura kamar kashi 20 cikin ɗari. Don haka ba a aza gungumen farko a ƙasa. Akan ɗora shi a kan dutse, ko dai tuddan duwatsu a kusurwoyi, ko gajeren bango kewaye, tsayin ƙafa ɗaya ko fiye, yadda fantsamar ruwan sama ba za ta same shi ba, iska kuma ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi.

Akwai wani dalili kuma. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kamar kashi 9 cikin ɗari, ƙasa mai laima sai ta kumbura da sanyi ta ɗaga abin da ke bisanta, ta sake shi idan ƙanƙara ta narke. Shi ya sa akan haƙa harsashi ya wuce iyakar da daskarewa ke kaiwa, wadda a arewacin Amurka takan kai ƙafa huɗu ko fiye. Ƙa'idar jera dutse kuwa guda ce: ɗaya bisa biyu, biyu bisa ɗaya, kada tsaga ta hau kan tsaga. Jefi-jefi akan sa dogon dutse ya ratsa kaurin bangon, ya ɗaure fuskokinsa biyu.

Bango da kusurwa

Akan ɓare ɓawon gungume tun da fari, domin ƙwari da danshi a ƙarƙashinsa suke fakewa. Waɗansu magina sukan bar shi a mulmule, waɗansu kuwa sukan sassaƙe gefe biyu da faffaɗan gatari. Tsawon gungumen da mutane za su iya ɗagawa shi ke yanke girman ɗaki, shi ya sa da yawa ba su wuce ƙafa 16 da 20 ba. Mai son ƙari sai ya gina wani kusa da shi, ya haɗa su da rufi ɗaya.

Gwanintar magini a gurbin kusurwa ake ganinta. Mafi sauƙi shi ne gurbi mai siffar sirdi, wanda ke hawa bayan gungumen da ke ƙasa. Gwani yakan fafe shi a cikin gungumen sama, bakinsa na duban ƙasa, don in yana duban sama ya zama ƙoƙon tara ruwa. Mafi ƙarfi shi ne wanda Turawa ke kira wutsiyar kurciya, saboda bakin gungumen yana buɗewa daga ƙarshe. Da zarar nauyi ya hau kansa ba ya zamewa, gangarensa kuma waje yake zubar da ruwa.

A Suwidin da Finlan akan fafe doguwar kwarya a cikin kowane gungume ya zauna daram bisa ɗan'uwansa, a cusa gansakuka tsakani. A Amurka an fi barin rata, a cike ta da ɓaraguzan itace ko ƙananan duwatsu, a yaɓe da yumɓu da farar ƙasa da gashin dabba.

Ƙanƙancewa

Nan ne sababbin magina suka fi yin hasara. Ɗanyen itace idan yana bushewa kusan ba ya raguwa a tsawonsa, amma yana raguwa a kaurinsa. Tun da yake gumaguman a kwance suke, bangon duka sai ya sauka. Bango mai tsayin ƙafa takwas na ɗanyen itace yana iya sauka kusan inci shida cikin 'yan shekaru. Ƙyaure da taga ba sa sauka tare da shi, dutse ma haka. Saboda haka akan bar rata bisa kowace ƙofa da taga, a yi wa katakon gefensu kwarya yadda gumagumai za su zame ƙasa ba su danne shi ba. Murhu da bututun hayaƙi kuwa akan gina su bisa nasu harsashi, tsaye da kansu. In aka ɗaure su da bango, sai gumagumai su rataye a jikin dutse, rata ta buɗe, ko bututun ya tsage. Matalauta a dā sukan yi bututun da ƙirare da yumɓu, amma gobara ta sa duk mai hali ya koma ga dutse.

Ƙwaɓin da ya dace da irin wannan gini na farar ƙasa ne, wadda ake samu daga ƙona farin dutse, kashi ɗaya cikinta da kamar kashi uku na yashi. Yana jinkirin ƙarfi, amma yana barin danshi ya fita, yana kuma jure ɗan motsi. Siminti, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila cikin 1824, ya fi shi tauri, sai dai idan aka yaɓe ratar gumagumai da shi yakan rabu da itacen, ruwa ya shiga bayansa ya kwanta. Tsofaffin ɗakuna da yawa gyaran siminti ne ya ruɓar da su.

Tsofaffin kaya

Masu gina irin wannan ɗaki a yau sukan nemi gumagumai, katako, duwatsu da ƙyamaren tsofaffin gidaje da rumbuna. Ba arha kaɗai ke kai su ba. Tsohon gungume ya riga ya bushe, saukarsa kaɗan ce. Waɗansu itatuwan kuma babu su a daji yanzu. Itacen cesnat na Amurka, wanda ba ya saurin ruɓa, wata cuta da aka fara gani a birnin Niyok cikin 1904 ta kashe biliyoyinsa kafin tsakiyar ƙarnin, don haka katakonsa sai a tsohon gini.

Idan za a ɗauke ɗaki dungum, akan sa wa kowane gungume lamba kafin a warware, gama an yanka kowane gurbi ne don abokinsa kaɗai. Akan soka tsinken ƙarfe a gano ruɓar ciki, a cire tsofaffin ƙusoshi kada su karya haƙoran zarto, a gasa katako a ɗakin zafi don kashe ƙwarin da ke huda shi. Fentin tsofaffin ƙyamare yakan ƙunshi dalma, wadda Amurka ba ta hana sa ta a fentin gida ba sai 1978, kuma ƙurarsa guba ce, musamman ga yara. Katakon hanyar jirgin ƙasa, wanda aka jiƙa da baƙin mai, bai dace da ɗakin kwana ba.

Akwai kuma abin lura ga masana tarihi. Zoben da ke cikin gungume yana nuna shekarar da aka sare shi, sawun gatari da yankan kusurwa kuma suna nuna al'adar maginin. Ɗakin da aka warware aka sayar da shi gunduwa-gunduwa ba tare da an auna shi an rubuta inda yake ba, itacensa ya tsira, amma shaidar da yake ɗauke da ita ta ɓace.