Wane Littafi Ya Kamata Mutumin Rasha Ya Karanta Don Ya Iya Turanci?

Mu da ke fama da Turanci kullum mukan ɗauka wahalar tamu ce kaɗai. To, mu duba mutumin Rasha. Haruffansa 33 ne, rubutunsu dabam da na Ingilishi. Harshensa kuwa ba shi da 'yan kalmomin nan "a" da "the", waɗanda Bature ba ya iya magana sai da su. Ko ya haddace ƙa'idodinsu duka, in ya zo rubutu sai ya sa su inda ba su dace ba. Maganin abin shi ne yawan karatu, har ido ya saba. Amma wane littafi?

Lenin, wanda ya shugabanci Rasha daga 1917, ya soma da mai wuya. Sa'ad da aka kore shi zuwa Saiberiya, shi da matarsa suka fassara wani babban littafi na Sidney da Beatrice Webb a kan ƙungiyoyin ma'aikata. Suka zaci sun iya Turanci. Da suka isa Landan cikin 1902, sai ga shi ba su fahimtar maganar kowa, ba kuwa mai fahimtar tasu. Tilas ya riƙa zuwa Hyde Park yana sauraron masu jawabi, ya kuma nemi malamai.

Littafin bai yi laifi ba, sai dai Turancin masana ne, ba na yau da kullum ba. Abin da mai koyo ke bukata shi ne littafi daidai ƙarfinsa. Michael West, shugaban kwalejin horon malamai a Dakka, ya shirya irinsa: kalmomi kaɗan, kowace sabuwa a maimaita ta har ta zauna. Cikin 1938 kuma C. E. Eckersley ya fitar da Essential English, inda wani malami ke hira da almajiransa baƙi. Daga baya mutanen Rasha da yawa suka koyi Turanci da shi.

Saboda haka muna ganin alamun littafin kirki uku ne. Gwanin harshen ne ya rubuta shi, maganarsa ta yau da kullum ce, sa'an nan mai koyo zai gama shafi ba tare da ya buɗe ƙamus kowane layi ba. In ya samu irin wannan, ya karanta da murya gaban wanda ya iya, gama littafi ba ya gyara harshen mutum. Wannan shawara, mu ma ta shafe mu.