Jan Tirelar Dawaki da A-kori-kura Mai Gajeren Bodi

A ƙasar Amurka masu dawaki sukan ɗauke su cikin wata irin tirela wadda gabanta ya miƙe sama, ya lanƙwaso kamar wuyan dinya. Ba a bayan mota a ke ɗaura ta ba. Wuyan nan yakan sauko cikin bodin a-kori-kura, ya hau kan wani dunƙulen ƙarfe mai kaurin inci 2 5/16, wanda aka kafa daidai bisa tayoyin baya, ko kuwa gaba kaɗan. Don haka tirelar ba ta yawan wutsil-wutsil a kan hanya, dawaki kuwa su sami natsuwa.

To, amma akwai wuri guda da ya ke ba da wahala, watau tsawon bodi. Dogon bodi ƙafa 8 ne, gajere kuwa wajen ƙafa 6 da rabi. A dogon, daga kan mota zuwa dunƙulen akwai kamar inci 56, a gajeren kuwa kamar inci 40. In faɗin tirela ƙafa 8 ne, rabinsa inci 48 ke nan. Sa'ad da direba ya karya kwana sosai, wannan rabin shi ke juyowa wajen kan mota. Tun da ya ke 48 ya fi 40, lalle kusurwar tirela ta daki gilashin baya ta fasa shi. Galibi wajen yin ribas a ƙuntataccen wuri ne wannan ke aukuwa, hankalin direba yana can baya.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne a sayi tirela mai tsukakken hanci. In an riga an sayi mai faɗin goshi, sai a sa ƙarfen da ke mayar da mahaɗin baya da inci 4 ko 9. Amma fa mai inci 4 ba ya cike giɓin duka, sassauci kawai ya ke yi. Kafin a ɗora doki ko ɗaya, wajibi ne a gwada kwana a fili sannu sannu, wani yana tsaye yana duba.

Sa'an nan a tuna, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirela a kan motar ya ke sauka. Iyakar abin da mota za ta ɗauka yana rubuce a jikin ƙofar direba. Tsakanin bakin bodi da cikin tirela kuma a bar aƙalla inci 6, don kada su haɗu a gargada.