Ɓarawon da ba ya fasa ƙofa: wayar ɗan kasuwa da dukiyar jama'a

Iyayenmu da suka yi fatauci sun san ɓarawo iri biyu, mai fasa shago da dare da mai tare hanya a daji. Saboda su aka ƙera kwaɗo, aka ɗauki mai gadi, aka riƙa tafiya cikin ayari. A yau kuwa, duk wanda ya zagaya kasuwar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko babbar kasuwar Yamai, zai tarar da cewa rabin shagon ɗan kasuwa ya koma cikin wayar salularsa. A can kuɗin ciniki ke shiga ta Airtel Money, ko Nita, ko Amana. A can hotunan kaya suke, da lambobin masu kawo su daga Kano, Lome ko Dubai, da sunayen waɗanda ake bi bashi. Shago yana da kwaɗo biyu, ita kuwa wayar sau da yawa tana hannun yara suna kallon bidiyo.

Da yawa daga cikinmu kan ce: “Mu su wa, da ɓarayin intanet za su kula da mu? Ai bankuna suke nema.” Gaskiya ne suna neman bankuna. A shekarar 2022 kamfanin tsaro na Group-IB ya fallasa wani gungu mai magana da Faransanci da aka laƙaba wa OPERA1ER, wanda ya sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin waya tsakanin 2018 da 2022, kuma Nijar na cikin ƙasashen da abin ya shafa. Amma banki yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan dare da rana, alhali mai sayar da atamfa ko siminti ba shi da kowa sai kansa da yaron shagonsa. A samamen da hukumar Interpol ta jagoranta a ƙasashen Afirka 19 cikin 2024, mai suna Serengeti, an kama mutum 1,006, aka kuma gano waɗanda aka cuta sun haura 35,000. Adadi irin wannan ba na bankuna ba ne, na mutane ne irinmu.

Abin da ya kamata mu fahimta shi ne, mafi yawan waɗannan ɓarayi ba su da wani zurfin ilimin na'ura. Halinmu suka karanta: saurin yarda, da jin nauyin baƙo, da gaggawar ranar kasuwa. Ga yadda abin ya fi faruwa. Mutum zai zo ya zaɓi kaya na jaka 150, ya ce zai biya ta waya. Nan take saƙo ya shigo, kamarsa ɗaya da na kamfani, yana cewa kuɗi sun iso. Mai shago, da jama'a tsaye a gabansa, ya leƙa ya ga adadi, ya miƙa kaya. Sai da yamma, wajen haɗa lissafi, ya gane cewa saƙon daga wata lamba aka rubuto shi da hannu, kuma ko dala ba ta shiga asusunsa ba. Wani salon kuma shi ne a kira ka da murya mai ban tausayi, a ce an turo maka kuɗi bisa kuskure, na maganin mahaifiya ne, don Allah ka mayar. Mai imani ya mayar daga aljihunsa abin da ba a taɓa turo masa ba. Maganin duka biyun ɗaya ne: kada a dogara da saƙo, a shiga asusu da kai a duba abin da ke ciki kafin kaya su bar shago.

Sai masu kira da sunan kamfanin waya, su ce za a rufe layinka in ba ka faɗi lambar sirrinka ba, wadda ake kira code secret da Faransanci. Babu kamfanin da ke tambayar wannan lamba. Haka ma lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ta saƙo. Wanda ya karɓe su daga bakinka ya ƙwace maka shafin, ya shiga rubuta wa abokan cinikinka da surukanka da sunanka, da hotonka a sama, yana cewa kaya sun maƙale a kan iyaka, a taimaka da jaka 50 zuwa gobe. Su kuwa don sun san ka da gaskiya sai su tura. Ka ga mutuncin da ka shekara 20 kana ginawa shi ne jarin da ɓarawon ya ci kasuwa da shi. A cikin WhatsApp akwai wurin sa wata lambar sirri ta biyu, aikin da bai wuce minti biyu ba, amma ƙalilan ne cikinmu suka yi shi.

Asara mafi girma takan faɗa wa masu sayen kaya daga nesa. Ɓarawo kan shiga akwatin imel ko shafin mai kawo maka kaya, ya yi shiru na makonni yana karanta yadda kuke magana da lokacin da kake biya. Ranar biya ta matso, sai saƙo ya zo cewa an canza asusu, a tura kuɗi ga wannan sabuwar lamba. Duk ranar da aka ce maka an canza asusu, ka kira mutumin a tsohuwar lambar da ka san shi da ita, ba wadda ta zo cikin saƙon ba. Kuma saƙon murya kaɗai bai isa shaida ba, domin yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum.

Masu aiki da kwamfuta, irin su farmasi, wuraren buga takardu da makarantu masu zaman kansu, nasu haɗarin daban ne. Akwai cutar na'ura da ke kulle duk abin da ke ciki, ta nemi fansa. Wadda ake kira WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150 cikin watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, kuma ta bi ta kan na'urorin da ba a sabunta ba ne. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ga shi kuwa har yanzu ana ganinta a ofisoshinmu. Allah Maɗaukaki ya umurce mu da rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani. Rubutun da ke wuri ɗaya tak, wanda cuta ko faɗuwar waya a rijiya za ta iya shafewa, bai cika manufar umurnin ba. A riƙa kwafe lissafi kowane mako a ajiye a wani wuri dabam, kuma kada a raina tsohon littafin bashi na takarda.

A nan ne batun ya shafi addini kai tsaye. Kuɗin da ke cikin wayar ɗan kasuwa ba duka nasa ba ne. Akwai na adashin mata, akwai na gwauruwar da ta ba shi ajiya, akwai na ɗan ci-rani da ke turowa daga Libiya ko Abijan don a kai wa iyalinsa, akwai na mai tara guzurin Hajji. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani cewa mai riƙon ajiya ba ya ranko idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma idan ya yi sakaci to biya ya hau kansa. Shin wanda ya karanta wa baƙon murya lambar sirrinsa, ko ya sa shekarar haihuwarsa a matsayin lambar, ko ya bar waya a buɗe a hannun yaro, ya yi sakaci? Hukuncin na malamai ne, kuma muna roƙonsu su tattauna shi a wuraren karatu. A namu ganin dai, wanda aka sha gargaɗi zai yi wuya ya kafa hujja da rashin sani. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ware layi ɗaya da waya ɗaya don kasuwanci kawai, a koya wa yaran shago da uwargida mai sayar da kaya daga cikin gida abin da maigida ya koya.

In kuma abin ya riga ya faru, kunya ita ce abokiyar ɓarawo. Dattijo kan gwammace ya haɗiye asarar jaka 500 da a ji an yi masa wayo, ɓarawon kuwa ya wuce shago na gaba da dabara guda. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun watan Yulin 2019. A garzaya ofishin kamfanin waya a rufe layin tun cikin sa'ar farko, a sanar da abokan ciniki ta bakin wani cewa kada su tura ko sisi, kada a goge saƙonnin da lambobin da aka kira da su, sannan a kai su gaban ƴan sanda ko jandarma.